Yatsu Biyar a Guruf ɗin Gidan Miji

Anti, don Allah ki taimaka min, aurena na shekara tara yana rawa a kan wani ɗan hoto da bai kai ƙwayar wake ba.

Ni tela ce. Surukata, Mama muke ce mata, idonta ya yi yana, likita ya sa mata ranar aiki. Ta tura saƙon murya a guruf ɗin gidansu, mu talatin da huɗu, tana tambaya wa zai kai ta asibiti Talata mai zuwa. Guruf ɗin da in aka sa hoton jariri kafin ki ƙifta ido an cika shi da furanni, ranar sai ya yi tsit, data ta ƙare wa kowa lokaci guda. Ni ina tsakiyar sa zif a rigar kwastoma, allura a baki, na jawo waya na danna imojin hannu a ɗage, yadda ɗalibi ke yi a aji. Nufina ni zan kai ta.

Ashe yatsun hannun a ware suke. Mama, wadda ta shekara biyu ba ta ganin ramin allura, ta ƙirga su tsaf, biyar cif. Wai daƙuwa na yi mata a gaban 'ya'ya da jikoki. Baban yara kuma, gwanin rashin karanta saƙo, ya ga sunana kawai ya manna babban yatsa a ƙarƙashi, wato ya sa hannu.

Nan take data ta dawo wa kowa. Jajayen fuskoki goma sha ɗaya na ƙirga kafin babbar yayarsu ta cire ni. Mama ta aiko kada in sake taka mata gida. Maigidan kuma, da ya ba da haƙuri aka yafe masa a minti biyu, ya ce in je in durƙusa kafin Talata, ko in tafi gidanmu in huta.

Anti, in ba da haƙurin me? Ni ke kai mata magani, ni ke yanke mata farce. Tun rasuwar mahaifiyata ita na riƙa uwa, kuma wallahi abin da ya fi ci min rai shi ne ta yarda zan iya zaginta. Kwana huɗu ke nan ina ɓata ɗinkin mutane. Ya zan yi?

Taki,
Mai Ɗinki

Mai Ɗinki,

Sannu da ƙoƙari. Hannaye sun fi ashirin a wayar nan, akwai mai tafi, akwai mai addu'a, amma kika tsallake su duka kika zaɓo wanda tun kina goye kika san ma'anarsa. Waɗanda suka zana shi gaisuwa suke nufi, sai dai Mama ba a wajensu ta girma ba. Ta fi shekara sittin tana karanta yatsu biyar da ma'ana ɗaya, ba za ta sake makaranta saboda kina riƙe da allura ba. Kalmar "ni" harafi biyu ce, ban san wahalar da kika guje wa ba.

Kina da gaskiya a niyya, kuma ciwon da kike ji na gaske ne. Dangin mijinki sun burge ni: mutum talatin da biyu ba su da hannun ɗagawa, amma suna da fuskar ɓatawa. Maigidanki kuwa ya cancanci lambar yabo, shi ya buga hatimi a kan laifin, shi ne kuma alƙali. Ki zaunar da shi, ki nuna masa saƙon, ki gaya masa maganar tura ki gidanku ba abin wasa ba ce. Tare za ku je, shi zai fara bayani.

Kada ki tura saƙo, kada ki tura fuska mai hawaye, da wannan hannun naki, mai dariya za ki danno. Ki je da ƙafarki gobe da safe. Ba za ki ce kin zage ta ba, tunda ba ki zaga ba. Ki ce kin ɓata mata rai ba da sani ba, ki nemi afuwa, wannan gaskiya ce kuma ba ta rage ki da komai. Sannan ki faɗa da baki cewa ke za ki kai ta.

Ki kuma duba ta nata gefen. Tsohuwa ce da za a taɓa wa ido, tana jin tsoro, ta roƙi 'ya'yanta aka yi shiru. Amsa ɗaya ta samu, daga wadda ta fi dogara da ita, ta kuma karanta cewa ke ma kin gaji da ita. Shi ya sa ta yi saurin yarda. Har yau ba ta san akwai wanda ya amsa zai kai ta ba, ki hanzarta ki gaya mata.

Allah ya ba ta lafiya, ya daidaita tsakaninku.

Anti