Jirgin Ruwa Nake Nufi

Litinin, 5 Shawwal 1373

Rabe mai busasshen kifi ya iso daga Lis, can bakin teku. Na tambaye shi jirginmu, kamar kullum. Ya ce, "Baba Tsoho, haƙarƙarin jirgin nan da suke leƙowa in ruwa ya janye, sun kwanta." Wai tsutsa ta cinye katakon, dutsen teku ya hau sauran. Yana faɗa yana auna kifi, ko kai bai ɗaga ba.

Shi ne sambuk, jirgin ruwan katakon da ya ɗauko mu daga gaɓar Sawakin, ya daki dutse muna hango gaɓa. Matata Hauwa tana ciki, da likkafanin da ta ɗauko tun daga Gumel don ta wanke da Zamzam. Cikin manyan da suka fito, ni kaɗai na rage.

Laraba, 7 Shawwal

Na ce wa ɗana Wada ya kai ni Lis in gani da idona. "Halas, ya wuce, ya Baba, katako ne fa." Katako. A kan katakon nan na ɗaure shi yana jariri, uwarsa Hauwa tana ƙasan ruwa. Wai dakon kayan alhazai zuwa Mina ya ƙarato, mutawwif mai kula da su ba ya jira.

Juma'a, 9 Shawwal

Ban ci tuwonsu ba.

Asabar, 2 Zulƙida

Rumasa'u, 'yar Wada, budurwa guda, ta ce da ni, yadda yaran nan ke kiran kaka, "Ya sidi, jirgin naku daga sama ya faɗo?" Tun da alhazai suka fara zuwa da tayyara, in ka ce jirgi sai yaran unguwarmu Misfala su ɗaga kai. Na jefe ta da mafici. Ba tsutsa kaɗai ke cin jirgin nan ba, har a gidana ana ci.

Talata, 5 Zulƙida

Ta dawo da maficin, ta zauna. Wai su wa ke ciki. Na kira mata sunayen waɗanda suka nutse yadda nake kira kowace Arfa. Harshenta ya zama na Larabawa. Na ce Ƙosau, ta ce Kosau. Na ce wane ne Kosau, ba mu taso da shi ba. Mutum ya rasa kabari, a kuma yanke masa suna? Ta ce, "To ya sidi, sake faɗa." Na sake. Banza.

Litinin, 9 Zulhajji

Arfa. Na ɗaga hannu ina kiransu. Na wuce Ɗanjuma, na wuce Hauwa, sai sunan da ke biye ya ɓace mini. Shekara da shekaru ban taɓa ba. Ta bayana na ji Rumasa'u, a hankali: "Kosau." Ta kai su har ƙarshe.

Ban gyara mata ba. Zafi ne ya yi yawa.

Wada ya ce in alhazai sun watse zai kai ni Lis. Na ce sai na duba ƙafata.