Siyana Muka Nema, Hiyana Muka Samu

Zuwa ga Alhaji Sabo, mai shagon gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Sulay, wanda 'yan ƙasarmu mazauna Riyad suka amince wa da ƙofofin gidajensu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, kuna shaƙar iska mai tsabta, ni'imar da gidana ya rasa ta dalilinku.

Ni ne Lawal Garba, mai fassara a wani kamfanin gine-gine, mazaunin unguwar Ud. Na kira ka a waya har kunnena ya ƙoshi da bukra in sha Allah, goben da ba ta wayewa a shagonku. Shi ya sa na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a, ko kunyar idon mutane za ta yi aikin da tsoron Allah bai yi ba.

Na ɗaya. Mukayyif ɗin da nake magana a kansa irin wanda Larabawa ke kira har-barid ne, mai ba da sanyi a lokacin zafi, ya juya ya ba da ɗumi a lokacin sanyi. Na saye shi ne domin mai ɗakina, Hajiya Rabi, wadda ke fama da ciwon asma. Da kai muka ƙulla yarjejeniyar siyana, wato kula da shi kowace shekara. Ashe siyanar gidanku ita ce a shafe fuskar na'ura da tsumma, a fesa mata turare a baki, ɗaki ya yi ƙamshi, a karɓi shayi a tafi. Ranar da na buɗe murfin da hannuna, na tarar da matacin ƙura ya yi kauri kamar tsohon bargo, bututun fitar da ruwa ya toshe da gansakuka. Wannan ƙazanta Hajiya take shaƙa, cikin ƙamshin turarenku.

Na biyu. Da sanyin murabba'aniyya ya sauka, kwanakin nan da ruwan alwala ke yankan yatsu, na'urar ta daina ɗumi. Ma'aikacinka ya zo, bai kwance ko kusa ɗaya ba, ya ɗora mata tafin hannu kamar boka, ya yanke mata hukuncin mutuwa. Na yarda a sauya ta, domin ni fassara na iya, gyara kuwa na ɗauka ku kuka iya.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ta tsaya. Ko wanda ya shiga wannan sana'a jiya ya san ana tattara gas a mayar da shi cikin injin waje, a rufe bakinsa, kafin a taɓa bututu. Gwanayenka zarto suka sa wa bututun, daga cikin ɗaki, tagogi a rufe saboda sanyi, Hajiya tana kwance a kan gado. Bututun ya yi huci kamar kububuwa, farin hayaƙi ya turnuƙe, baƙin mai ya fantsama a labule da darduma. Na ga matar da muka yi shekaru muna tare dare da rana ta dafe ƙirji tana neman numfashi, idanunta a kaina, ba ta iya kiran sunana. Lokacin da nake ɗaukar ta zuwa asibiti, mutanenka suna durƙushe suna naɗe jan ƙarfe, kada a bar ko taki ɗaya. A Larabci, harafi ɗaya ne tsakanin siyana da hiyana, wato cin amana. Mu a fassara kuskuren harafi takarda yake ɓatawa; ku naku huhun mutum ya ci.

Na huɗu. Bayan sun ƙwaƙule abin da ke da daraja a cikinta, sai suka yar da gangar jikin a lungu, ƙarƙashin tagar Hajiya, mai yana tsiyaya, gefunan ƙarfen kamar aska. Mu maƙwabtan maƙabarta ne, Alhaji, kullum muna ganin yadda ake sallamar abin da ya gama aikinsa cikin mutunci. Ko ƙarfe yana da wurin da aka tanadar masa. A kan haka na ce:

Kun zo da sunan gyara, kun bar mu da jinya,
Kun kwashe jan ƙarfe, ba tsoro ba kunya,
Wadda ta yi mana hidima kun yar a kan hanya,
Mai ɗaki tana tari, ku kuna ta dariya.

An sallami Hajiya, amma likita ya hana ta kwana a wannan ɗaki sai an tsabtace shi. Tana gidan wanta a unguwar Dira, ni kuma ina kwana ni kaɗai da warin mai.

Buƙatuna ba su da nauyi ga mai gaskiya. Ka aiko a ɗauke wannan mushe a kai shi inda ake narka tsofaffin ƙarafa. A wanke ɗakin sosai, ba da turare ba. Ka saya wa ma'aikatanka tukunyar tara gas, ka koya musu amfani da ita kafin su shiga wani gidan. Akwai tsofaffi da jarirai a gidajen da ke kiran ka. Sannan ka taka da ƙafarka ka je Dira ka gai da Hajiya. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka zauna kawai ka saurari yadda take jan numfashi.

Ina roƙon Allah Ya tsare iyalinka daga irin aikin shagonka, Ya ba ka ilimin sana'ar da kake ci da sunanta, Ya kuma dawo mini da matata ɗakinta da numfashinta cikakke.

Wassalam.

Lawal Garba,
Unguwar Ud, Riyad.