Rahoton da Na Rubuta a Kan Morenike

Gwaggo Hansai, ki taimake ni, na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa.

Shekarata goma sha tara ina shugabantar ɗakin haihuwa na gwamnati a wani ƙauye gefen Malumfashi. Matasan ungozoma shida aka turo min. Duk wadda hannunta ya faɗa, na yaba mata a rahoton sirri na ƙarshen shekara, sai manya su ɗauke ta zuwa Katsina, su bar ni da mata masu naƙuda. Manyan da ko tayar motarsu ba ta san hanyarmu ba in damina ta sauka.

Bara aka kawo Morenike, 'yar Mama Silifat mai kwanuka a kasuwar Funtuwa. A Funtuwar aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Matan da ke gudun asibiti har sun fara zuwa awo saboda ita. Da na zo cike rahotonta sai tsoro ya kama ni, na rubuta cewa matsakaiciya ce, don kada idon manyan Katsina ya kai kanta. Ashe da wannan rahoto za a ƙi tabbatar da ita a aiki. Ƙarshen wata za ta koma asibitin wani kamfani. Jiya ta durƙusa tana gode min, wai ni ce uwarta a aiki. Na kasa haɗa ido da ita. In gaya mata?

Mai Nadama, Malumfashi

Hajiya, fushinki da manya yana kan hanya. Wanda ke kwashe iri daga ƙauye bai kamata ya tambayi ina amfanin gona ba. Amma ke ma kin kulle yarinya kamar dawa a rumbu, har gara ta shiga.

Yau ki rubuta wa ofis ki janye rahoton, ki faɗi dalilinki, ki jera sunayen waɗanda aka ɗauke miki cikin shidan nan. Wataƙila a tuhume ki, ki daure. Sannan ki gaya wa Morenike da bakinki kafin ta ji daga bakin akawu. Kada ki roƙe ta ta zauna, wannan haƙƙin ya kuɓuce miki. Matashi yakan jure rashin lantarki da mugun titi, amma ba ya zama inda aikinsa ba ya ganuwa.

In ta tafi, ta tafi da shaidar gaskiya daga hannunki. Wata za a turo miki. Ita ki yabe ta, ko da za a ɗauke ta.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya sa ta yafe miki.

Gwaggo Hansai