An Duba Matata Sau Biyu, Ni Ne Marar Lafiyar

Daga: Mai gyaran keken ɗinki,
Shago na uku, bayan tashar mota.
9 ga Afrilu.

Zuwa ga: Mai girma Babban Daraktan Asibiti.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA NI SHIGA SASHEN CIWON MAMA SABODA NI NAMIJI NE

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina neman izinin gabatar da kukana. Ranar 3 ga Fabrairu likitan ƙaramin asibitin unguwarmu ya taɓa wani ƙullutu a ƙarƙashin kan nonona na dama. Ya ce maza ma sukan kamu da sankarar mama, ko da yake ba kasafai ba, ya rubuta mini takarda zuwa asibitinku, ya ce kada in yi wasa. Ban yi wasa ba. Ga yadda aka yi da ni:

1. Ranar 6 ga Fabrairu na zo, matata ta rako ni. Maigadin sashen, mutum mai riƙon amanar aiki, ya nuna mini bencin da mazaje ke jira a ƙarƙashin bene. Matata ta shiga da takardar don ta yi bayani. Mai ba da kati ta ga sunan namiji, ta tausaya wa likitanmu bisa kuskurensa, ta soke sunana ta rubuta na matata. Aka duba ta tsaf, aka ce lafiyarta ƙalau. Mun gode.

2. Ranar 27 ga Fabrairu na dawo ni kaɗai. Wata nas ta fito, ta yaba mini a gaban jama'a, ta ce da duk mazaje haka suke kula da iyalinsu da an huta. Kafin in buɗe baki ta danƙa mini ƙasida mai koyar da yadda mace za ta duba kanta, ta ce in kai wa matata. Na bi ƙasidar layi-layi a bayan shago, kuma ina shaida cewa tana aiki, domin da ita na gano ƙullutu na biyu a hammatata.

3. Ranar 19 ga Maris na gwada sashen maza. Likitan can ya taɓa wurin, fuskarsa ta canza, ya ce in koma sashen mama da gaggawa. Da maigadi ya sake tare ni, sai na ɓalle maɓallan rigata don ya gani da idonsa. Aka fitar da ni har bakin titi bisa laifin rashin kunya, ni da nake da jikoki huɗu.

4. Makon jiya aka kira matata a waya ta zo a sake dubawa. Ta zo, an duba, har yanzu lafiyarta ƙalau. An bar jaki ana dukan taiki, ranka ya daɗe, ga jakin nan a kan benci.

Wannan ciwo ne ya tafi da mahaifiyata. Ni na yi jinyarta, na san yadda ƙarshensa yake, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro.

Don haka ina roƙon ka ba da umarni a rubuce a mayar da sunana kan katina, a bar ni in wuce ƙofar nan, a ɗebi naman ƙullutun a kai gwaji cikin makon nan.

Hannuna na dama ya kumbura, ba na iya riƙe biro, shi ya sa matata ce ta rubuta wannan da hannunta. Don girman Allah kada a ɗauka ƙorafinta ne.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Mai gyaran keken ɗinki
(ga dangwalen yatsana na hagu)