Ranar da Aka Fitar da Baba a Kan Kujera

Zuwa ga Gwaggona Hajiya Habibatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya ga uwarta, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida a Gwammaja. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sassauta miki ciwon gwiwar nan da na ji an ce ya sa kin koma yin salla a zaune. Mu ma nan lafiya, alhamdu lillahi. Abban Asma yana nan yana fama da aikin asibiti a Washington. Asma ta shiga aji uku, tana jin Hausa sarai amma sai ta ba ka amsa da Turanci, in ban da kakanta wanda ba ya ko ɗaga kai sai ta gyara. Yaya Misbahu da matarsa Sadiyya suna lafiya a Bowie, yaronsu ya fara rarrafe. Jikin Baba da sauƙi, hannun daman da ya shanye ya fara riƙe cokali, har yana jan carbi da shi.

Gwaggo, na san ranki a ɓace yake. Kin ga hoton Baba a waya, wasu Turawa na ɗauke da shi a kan kujera cikin ruwa, kuma ba daga bakinmu kika fara ji ba. Da kika kira kika ce mun ɗauki yayanki mun kai shi bakin teku mun ajiye, ban iya ba ki amsa ba, domin yana zaune kusa da ni yana ji. Shi ya sa da Hafiz, abokin Yaya Misbahu, ya ce zai taho Kano na zauna in rubuta miki komai yadda ya faru, in ba shi ya kawo miki.

Kin san a tsohon gidanmu na Hyattsville a hawa na biyar muke, kuma na'urar hawa benen kullum a lalace. Akwai ranar da Baba ya rasa ganin likita saboda babu yadda za a sauko da shi. Da muka sami gida na ƙasa a wannan ƙaramin gari na bakin ruwan Chesapeake, tafiyar kamar awa guda daga Washington, sai muka ga mun huta. Gari ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Da bazara baƙi kan cika shi, kowace safiya motar hukumar gari tana share yashin bakin ruwa, ana fentin bencina, ana shuka furanni. Idan ka ajiye mota ba daidai ba, kafin ka juya an manna maka takardar tara. Na ɗauka garin da yake da ido haka a kan mota zai fi sa ido a kan mutum. Abin da ban sani ba shi ne, ruwan nan yana cika yana janyewa kowace rana, kuma idan wata ya cika aka yi iska, layukan baya irin namu su ne suke sha. Ba ta bakin teku yake zuwa ba, ta cikin kwata yake ɓullowa, ya taso tsakiyar titi.

Tun farkon zuwanmu maƙwabciyata Olive, wata dattijuwa da aka haifa a garin, ta ja kunnena. Ban yi wasa da maganarta ba. Na je ofishin hukumar gari na ce ina da tsoho wanda ba ya iya tafiya, ina so su san da shi idan ta kama a kwashe mutane. Matar da ke karɓar baƙi, Debbie, ta yi mini fara'a har da tambayar lafiyarsa, sannan ta ce wannan ba aikin gari ba ne, na gunduma ne. Na kira gunduma, suka ce su suna kula da motocin asibiti ne kawai, kwashe mutane na gari ne. Na koma wurin Debbie, ta ce mai kula da wannan sashe ya yi ritaya, ba a ɗauki wani ba tukuna. Na tambayi zancen ruwan titinmu, ta ce titin na jiha ne, kwatar ta gari ce, injin da ke zuƙe ruwan kuma na gunduma ne. Wallahi Gwaggo, haka na juya ba abin da na samu. Da zan fita ta miƙo mini takardar da zan manna a mota don in riƙa ajiye ta kyauta a bakin ruwa.

Da aka yi sanarwar guguwar watan jiya, hukumar ta raba buhunan yashi na tare ƙofa. Amma ranar aiki suka raba, da tsakar rana, kuma a shafinsu na intanet kaɗai suka sanar. Ina kantin magani ina aiki, kafin in taso sun ƙare. Olive da ba ta taɓa intanet ba, ba ta ma san an raba ba.

Ranar Asabar abin ya faru. An kira Abban Asma asibiti tun safe saboda guguwar, ni da Baba da Asma ne a gida. Bayan azahar na leƙa na ga ruwa ya rufe tayoyin motata. Kafin in gama ɗora kaya a kan tebur ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, baƙi, yana warin kwata. Sai wuta ta ɗauke. Gadon Baba irin na asibiti ne mai aiki da lantarki, ya tsaya a ɗage, ba ya sauka. Na kira lambar agajin gaggawa, suka ce motar asibiti ba za ta iya ratsa titinmu ba, in kai shi wuri mai tudu in jira. Na ce musu ba ya tafiya, kuma gidan ba shi da bene. Matar ta ce ta rubuta. Yaya Misbahu ya taso daga Bowie, 'yan sanda suka mai da shi a hanya. Na tsaya riƙe da hannun Baba, ruwa ya kawo mini ƙauri, Asma tana kan tebur tana kuka, shi kuma yana ce mini in ɗauki yarinyar in fita, shi ya riga ya ci zamaninsa.

Raymond ne ya buga mana ƙofa, ƙanin Olive, wanda yake da doguwar mota ta ɗaukar kaya. Ya zo ɗaukar yayarsa, ita ce ta ce ba za ta shiga motar ba sai an duba tsohon gidan Kausar. Shi da wani mutum da ban taɓa gani ba suka sauko da Baba daga gado, suka ɗora shi a kujerar cin abinci, suka ratsa ruwan da shi. Hoton da kika gani ke nan. Hularsa ta faɗa ruwa a bakin ƙofa, babu wanda ya tsaya nema. Kin san Baba, shekarun da ya yi yana shugaban makaranta ko mu 'ya'yansa ba mu cika ganin kansa a buɗe ba. Ya rufe idonsa har aka sa shi a mota.

Muka nufi makarantar firamare da hukumar ta sanar cewa nan ne mafaka. Muka same ta a kulle, mutane tsaye a baranda da jakunkuna da karnukansu, ruwan sama na dukansu. Ashe mai riƙe da makullin yana ƙetaren titin da ya cika, kuma shi kaɗai ne yake da shi. Daga nan Raymond ya wuce da mu zauren cocinsu da ke kan tudu. Can muka kwana biyu. Olive ta tambaye ni ina muke fuskanta idan za mu yi salla, ta kawar da kujeru, ta shimfiɗa mana sabon mayafin tebur. Allah ya saka wa mutanen nan da alheri, ban da abin cewa a kansu sai godiya.

Takaicin da ya fi ci mini rai ya zo ne daga baya, a taron majalisar gari. Na ɗauki hutun aiki na je, ina zaton zancen ruwa za a fara yi. Sai da suka daɗe suna muhawara a kan fitilun ado da za a rataya a bakin ruwa don bikin ƙarshen shekara, da ko za a bar karnuka su hau yashi. Sannan magajin gari ya miƙe ya yabi haɗin kan jama'a, ya ɗaga takardar yabo da aka yi wa Raymond. Raymond bai ma zo ba, yana gida yana ɓanɓare jiƙaƙƙen kafet. Da aka ba mu dama, kowa 'yan mintoci aka ba shi, ga agogo a bango yana ƙirgawa. Na fara faɗin abin da ya sami Baba, ban gama ba ƙararrawa ta kaɗa. Magajin gari ya gode mini da kyakkyawan lafazi, ya ce injin zuƙe ruwan ya lalace tun bazara, an yi odar kayan gyara, kuma za a ɗauko masana su yi nazari a shekara mai zuwa. Zancen makulli kuwa, ya ce za a duba. Babu wanda ya ce laifinsa ne, babu wanda ya ce a yi haƙuri. A bakin ƙofa wani kansila mai suna Alexander, wanda yake da gidajen da yake ba baƙi haya, ya ja ni gefe ya ce yana tausaya mini, amma a daina yaɗa hotunan ambaliya, suna ɓata sunan gari. Na ce masa mahaifina ne a cikin hoton, sunan gari bai kai shi daraja ba.

Ba hukuma kaɗai ba, Gwaggo, har mu mazauna. Muka kira taron unguwa, ranar farko zaure ya cika, kowa na kumfar baki. Da rana ta fito, titi ya bushe, sai aka fara zamewa. Wasu suka ce kada a yi ta maganar ruwa, darajar gidaje za ta faɗi. A taro na uku mu huɗu ne: ni, da Olive, da Raymond, da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos mai suna Kaneng. Mu huɗun muka bi gida gida, muka gano tsofaffi da marasa lafiyar da ba za su iya fita da kansu ba, muka haɗa kowanne da maƙwabcin da zai buga masa ƙofa. Coci ta ba Olive makullin zaure, muka samo janareto. Kin san abin da ya biyo baya? Hukumar ta sa aikin a shafinta, ta kira shi sabon shirin gari na ko-ta-kwana, da hoton magajin gari a sama. Injin kuwa har yau da nake rubuta miki bai tashi ba.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Tun ranar ambaliyar Baba ya rage magana. Muna zaune a gidan Yaya Misbahu kafin a gama gyaran namu, kuma na ɗauka tsoron ruwa ne yake damunsa. Na yi ta lallashinsa, na ce za mu nemi gida a kan tudu, ko ya zauna a Bowie gaba ɗaya. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar ya kira ni da Yaya. Ya ce shi ruwa bai tsorata shi ba, kuma ba ya ganin laifin kowa a cikinmu. Ya ce lokacin da ake ɗauke da shi a kujera, abin da yake tunani shi ne, da Allah ya karɓi ransa a wannan rana, hanya a rufe, babu namiji ko ɗaya a garin da ya san yadda ake yi wa Musulmi wanka. Ya ce yana so ya koma gida, inda idan ya yi tari maƙwabci zai ji, ya kuma san sunansa da na ubansa. Na kawo zancen likita da gashin hannu da ake masa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ya ji, amma ba shawara yake nema ba.

Na yi kuka, na yi fushi, na yi kwanaki ban yarda ba. Amma na yarda yanzu. Likitansa ya ce zai iya tafiya bayan ganin da zai yi masa a watan Janairu, Yaya ne zai rako shi, zan haɗo magungunansa da bayanin yadda ake ba shi. Roƙona gare ki, Gwaggo, a gyara masa ɗakinsa na zaure, a fasa dakalin bakin ƙofa a yi shi gangare yadda keken guragu zai hau, a kuma samo mai gashin ƙashi na asibiti da zai riƙa zuwa gida. Kuma don Allah idan ya iso kada a yi masa zancen hoton nan, ko da wasa. Ki gaya wa masu zuwa gaisuwa tun kafin su shiga.

Ni kam ina nan, ba zan bar garin ba. Akwai tsofaffi a layinmu da ba su da wata Kano da za su koma, kuma ranar Talata akwai wani zaman majalisar.

Ki gaishe mini da Kawu Auwalu da iyalinsa, da Anti Rumasa'u da 'yan biyunta, da Malam Liman na masallacin layinku, ki ce masa abokinsa na nan tafe. Abban Asma yana gaishe ki da girmamawa. Asma ba ta san kakanta zai tafi ba tukuna, na rasa ta inda zan fara gaya mata. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Kausar