Abin da Likita Ya Ɗora wa Rafia

Park Hill, Staten Island
3 ga Afrilu

Abban Rafia,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ba ta sauƙi, ya ba ka ladan jinya. Rubutu na zaɓa, don in na kira ka kuka zai hana ni magana.

Ka tuna kullutun nan na ƙirjina da aka yi wa gwaji kafin ka tafi Kano? Ranar karɓar sakamako suka nemi tafintan Hausa ta waya, ba su samu ba. Likitan yana sauri, sai ya juya wajen Rafia, yarinya 'yar shekara tara, ya yi mata bayani da Turanci, ya ce ta faɗa mini. Ta dube ni ta ce wai ba komai, in riƙa hutawa. Na yi hamdala, har na saya mata askirim a tashar jirgin ruwa.

Ciwon daji ne, Abban Rafia. Abin da likitan ya faɗa mata ke nan.

Kusan wata biyu tana ɗauke da wannan magana ita kaɗai. In asibiti suka kira, ita nake miƙa wa waya kamar kullum, sai ta ce masu talla ne. Ta daina cin abinci, ta koma fitsarin kwance, ni kuwa ina ta yi mata faɗa. Jiya maƙwabciyarmu Kaneng, nas ɗin nan 'yar Jos, tana wurina aka kira, ta amsa. Da na ga fuskarta na gane.

Kada ka kuskura ka yi wa yarinyar nan faɗa. Ta ce wa Kaneng ba ta san sunan ciwon da Hausa ba, kuma tana tsoron in ta furta shi zan mutu. Shi likitan da ya yi karatu, da furfurarsa, bai ji nauyin ɗora wa yarinya abin da ya fi ƙarfin babba ba?

Ka gaida Hajiya da su Yaya Tsoho.

Matarka,
Na'ima

Park Hill
19 ga Afrilu

Abban Rafia,

Bayan gaisuwa da fatan Hajiya tana samun sauƙi. An sa ranar aikina, 2 ga Mayu. Sun ce ciwon ya ƙara girma, amma da sauran dama.

Ka ji wani abin takaici. Makaranta ta kai rahoton Rafia ta rame, sai ga wata ma'aikaciyar kula da yara a ƙofata. Ta buɗe firij ɗina, ta duba jikin 'yata ko akwai tabon duka. Ita ma ba ta zo da tafinta ba. Wallahi sai da ta buɗe baki za ta ce Rafia ta fassara! Na ja 'yata bayana, na buga wa Kaneng ƙofa.

Kaneng ta ce dokar ƙasar nan ta hana a sa ƙaramin yaro tafinta a asibiti in ba gaggawa ba. Ashe sun sani. A kowace bas akwai hoton yara suna dariya da lambar da za a kira a cece su. Ni aka bincika. Likitan yana nan yana aikinsa, asibitin kuwa sun ce suna baƙin cikin "rashin fahimtar" da aka samu. Na ƙi karɓa. Ranar Litinin za mu shigar da ƙorafi, da sunansa a ciki.

Ɗazu ina yi mata kitso Rafia ta tambaye ni, da Hausa, ita da ba ta amsa mini sai da Turanci, wai in na mutu ita ce ta kashe ni? Na ce a'a har muryata ta dishe. Ban ga alamar ta yarda ba.

Ka roƙi Yaya Tsoho ya karɓi jinyar Hajiya, ka taho kafin ranar aikin. Ni zan iya shiga ɗakin tiyata ni kaɗai. Amma ba zan bar yarinyar nan a kan benci tana jiran wani likita ya fito ya yi mata magana ba.

Ka huta lafiya.

Taka,
Na'ima