Za a Gwada Ni da Kwamfutar Ɗana Ranar Asabar

Daga Admin: Wata uwa ce daga Zuru ta turo da murya, ta ce ita ba ta rubutu, a rubuta yadda ta faɗa, a kuma sakaya sunanta. Ga shi.

Salama gare ku 'ya'yana na wannan zaure, Kirista da Musulmi. Don Allah ku ba ni shawara, musamman ku da kuka san ciwon kwamfuta, don ban taɓa zaton ƙarfe ne zai kai ni gaban dattawa da furfurata ba.

Ban san shekaruna da lissafi ba, amma ina budurwa aka bar fam da sule aka koma naira. Mijina ya yi wa ubana golmo, noman aure irin na mutanenmu, bai tsallake damina ko ɗaya ba, sannan ya shiga soja na bi shi bariki bariki. Autana yana rarrafe aka kwashi ubansa zuwa Laberiya, ya dawo da tari, tarin ne ya tafi da shi bayan mun dawo gida Rikoto. Ban shiga aji ba, amma ku tambaya a unguwarmu, in za a yi aure ni ake kira in warware wane ɗan wane ne, wace kakar ce ta haɗa su, kuma da yamma ƙofata ba ta rabuwa da yara masu jiran tatsuniya.

Autan nan nawa shi ne ya buɗe shagon buga takardu a cikin gari, bayan an saki mutane daga kullen korona. Ya sayo kwamfuta ta hannu, irin mai akwati a ƙasan tebur, da firinta, yana buga katin biki da takardun makaranta. Ni ce na shafa wa akwatin hannu ranar da aka kawo shi na sa masa albarka. Kullum da rana ina kai masa tuwo, don matarsa tana koyarwa, ba ta dawowa sai la'asar, ni kuma ƙafata tana son tafiya.

Daminar da ta biyo bayan canjin kuɗin nan ne abin ya fara ciwo. Ana cikin aiki sai fuskarsa ta yi shuɗi, ko ta yi baƙi ƙirin, ya yi ɗan ƙara ya yi tsit, ya sake tashi da kansa kamar ba shi ba, aikin da aka yi kuma ya tafi. Wata rana na shiga da kwanon tuwo, wata 'yar zumuntar matanmu ta coci tana zaune tana jiran katin auren ɗiyarta, ina ajiye kwano abin ya mutu. Ta ce Kaka wane irin ido gare ki, kina shigowa ya sume. Ni kuma bakina ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, na ce mata ai ko ƙarfe ya san manya, in na shigo dole ya durƙusa ya gaishe ni. Aka yi dariya, har ɗana ya ce Mama to ki ce masa ya tashi haka nan, na ce tashi ɗan nan na amsa, abin kuwa ya tashi, don dama tashi yake yi. Aka ƙara dariya. Wasa ne, wallahi wasa, irin wanda nake yi tun kafin a haifi duk wanda ke shagon nan.

Daga nan duk ranar da ya mutu ina ciki sai a ce Kaka ta zo. Ranar da ya mutu ba na nan, ba mai cewa komai. Na sani yana mutuwa da safe, ɗana da bakinsa ya sha dawowa gida yana ƙorafi cewa ya kashe masa aiki tun kafin ya karya, lokacin ina gida ko tsintsiya ban ajiye ba. Amma wannan ba ya shiga labari, don ba shi da daɗin faɗa.

An kira mai gyara, wani Ibo mai shago kusa da tasha, mutumin kirki. Ya buɗe cikin akwatin ya hure shi, ya goge fankar, ya ciro wani ɗan abu kore mai haƙora wai ram ya sa wani, ya shafe duk abin da ke ciki ya zuba sabo. Ya yi kwanaki lafiya ya koma. Mai gyaran ya dawo ya canja akwatin wutar da ke ciki, ya ce a daina haɗa shi da janareto kai tsaye. Na tambaye shi a gaban ɗana ko mutum na iya kashe wannan abu da ido, ya yi dariya ya ce Mama ba ruwanka, inji ya tsufa, rana tana zafi, allo na ciki ya gaji. Ya ce sai an aiko da wani allon daga kudu. To amma ranar da ya canja akwatin wutar nan, washegari na kawo tuwo, ina sa ƙafa ya mutu. Shi ke nan, maganar Ibo ta zama ta mai neman ciniki.

Abin da ya mai da wasa ya zama wuƙa shi ne jikana, ɗan autan nan nawa. Yaron bai kai yaye ba, zazzaɓi ya kama shi, ina riƙe da shi ya sanƙare, ido ya juye, can ya dawo. Muka ruga asibiti, suka ce zazzaɓin sauro ne ya hau kai, suka yi masa allura, ya warke sarai, yanzu haka yana ta ɓarna. Amma wata daga dangin uwarsa ta ce a bakin asibitin, ku duba fa, yadda injin ke yi a gabanta haka yaron ya yi a hannunta. Aka kuma tuno cewa ni da bakina na ce ina sa ƙarfe ya durƙusa. Matar da muka yi wasan da ita, da aka tambaye ta, sai ta ce ita dai ta ji na faɗa, ta kuma ga na ce ya tashi ya tashi. Ba ta yi ƙarya ba, dariyar kawai ta cire.

Ba wanda ya kira ni mayya a fuskata, da an kira da na san abin da zan yi. Sai dai ɗana, wanda na goya a bayan motar soja daga wannan gari zuwa wancan, ya tare ni a ƙofar shago ya karɓi kwano, ya ce Mama ki ɗan riƙa tsayawa daga nan, ba don komai ba, don masu kawo aiki ne. Ba don komai ba. Matarsa tana gaishe ni har ƙasa kamar da, amma in na miƙa hannu sai ta ce yaron yanzu ya yi barci, yaron kuwa yana kallona ido biyu. A coci bencinmu ya yi faɗi, ni kaɗai da jakata. Da yamma ina jin iyaye suna kiran 'ya'yansu tun kafin su iso ƙofata. An yi baiko a gidan da ke bayanmu, ba a kira ni ba, sai kiɗa na ji.

Na kai ƙara wurin ƙanen mijina, shi ne babba a gidan yanzu, ina zaton zai tara su ya tsawata. Ya saurare ni ya ce matarmu ki kwantar da hankali, abin mai sauƙi ne. Wai ranar Asabar mai zuwa in je shagon, shi da dattawan ikilisiya biyu su zauna, a kunna kwamfutar, in ɗora hannuna a kanta tun buɗe shago har a tashi. In ba ta mutu ba, shi da kansa zai tsaya gaban jama'a ranar Lahadi ya wanke ni. Na ce in ta mutu fa? Ya ce ai mai gaskiya ba ya wannan tambayar. Fastonmu ya ce shi bai yarda da gwaji ba, addu'a ya sani, amma bai hana ba, ya ce maganar gida ce. Ɗana kuma har murna yake, yana cewa Mama ki daure yini ɗaya ne, kowa ya huta.

To ni ga inda na tsaya. Abin nan mara lafiya ne, yana mutuwa ko ina nan ko ba na nan, wani yinin ya kai yamma lafiya, wani yinin ya faɗi tun hantsi. In na zauna ya faɗi, na gama, ba ni ba jikana, kuma kun san abin da ake yi wa tsohuwar da aka tabbatar wa wannan suna. In na ƙi zuwa, za a ce ta san abin da take tsoro. In ma na zauna ya kai yamma, to wai tsohon ƙarfen da Turawa suka gaji da shi suka yar, shi ne ya ba da shaidar halina, ba shekarun da na yi a cikinsu ba. Wannan ma ban san yadda zan haɗiye shi ba. Mai gyaran na aika masa, ya ce allon bai iso ba, kuma shi ba zai rantse abin zai yi yini bai faɗi ba.

Waɗanda suka san ni tun ina amarya, da za su buɗe baki a ji kunyarsu, duk sun kwanta. Saura Maman Talatu da muka yi zaman bariki ɗaki na kallon ɗaki, tana Danko wurin ɗiyarta, ido ya tafi, ƙafa ta tafi. Sai wani tsohon kofur abokin mijina a Dabai, shi kuma ko ka yi ihu a kunnensa murmushi kawai zai yi maka. Sai ni.

Ku masu sanin kwamfuta, akwai abin da za a yi mata ta yini ba ta faɗi ba, ko a nuna wa dattawan nan ciwonta da idonsu kafin ranar? Ku kuma masu uwaye, in taku ce, za ku ce ta je ta ɗora hannun, ko ta zauna a ɗakinta a ci gaba da kiran yara daga ƙofarta? Yau Laraba.